Babi na Biyar: Ƙasar Pauwa da Kogo

Wanda ya taso daga birnin Katsina ya nufi kudu ta Dutsin-Ma, in yana da idon manomi, zai ga ƙasa tana sauya launi tun kafin ya ga allon da ke sanar da shi ya shigo Ƙanƙara. Jigawar nan mai rairayi da gero da gyaɗa ke so takan fara ja da baya daga wajajen 'Yantumaki. Sai ƙasa ta yi ja, ta yi nauyi, a kwari kuma ta yi baƙi wuluk. Gawo ya ragu, ɗorawa da kaɗanya su yawaita, duwatsu su riƙa leƙowa ta bayan gonaki kamar giwaye sun durƙusa. Wannan yanki shi magabata suka kira Katsina Laka, wato kudanci da kudu maso yammacin tsohuwar daular Katsina. Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a hanyar ƙauye cikin watan Agusta, tsakanin Sheme da Faskari, ya san ba su yi ƙarya ba.

A taswirar yau ƙananan hukumomi uku ne jere a gefen yamma na jihar: Ƙanƙara a arewa, Faskari a tsakiya, Sabuwa a can ƙurya. Kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙanƙara mutum wajen dubu 245, Faskari dubu 196, Sabuwa dubu 136. Yamma da su ƙasar Tsafe ce ta Zamfara, kudu kuma Birnin Gwari da Giwa na Kaduna. Amma waɗannan layuka na jiya-jiya ne. Ita kanta jihar Katsina a 1987 aka cire ta daga Kaduna, Sabuwa kuwa sai 1996 ta zama ƙaramar hukuma. Sunayen da ƙasar ta daɗe tana amsawa su ne Pauwa da Kogo. Hakimin Ƙanƙara har gobe Sarkin Pauwa ne, kuma a takardun mulkin Turawa gundumar da Faskari ke shugabanta Gundumar Kogo ce, da sunan tsohon Birnin Kogo.

Abin da ya fara bambanta wannan ƙasa da sauran Katsina shi ne ruwa. Tudu ce mai bisa, kimanin mita 600 zuwa 700 sama da teku, kuma a shekara mai kyau takan sami ruwan sama da ya kai milimita 1,000, alhali mutanen Jibiya da Ƙaita suna godiya in sun sami kashi biyu cikin uku na haka. Damina takan riga ta arewa sauka, ta kuma bi bayanta wajen ɗaukewa. Daga wannan tudu ruwa ke rabuwa. Gulbin Sakkwato kusa da Funtuwa yake fara rarrafe, ya ratsa ƙasar Faskari ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakalori, kafin ya je ya haɗu da Rima. Ƙoramun Sabuwa kuwa kudu suke gangarawa, ta ƙasar Birnin Gwari zuwa kogin Kaduna. Manomin shinkafa a Talatar Mafara bai cika tunawa ba cewa ruwan da yake ban-ruwa da shi a rani, wani sashensa a kan gonar wani Bafaskare ya fara zuba. Madatsar Mairuwa, wadda Funtuwa ta daɗe tana sha daga gare ta, a ƙasar Faskari take.

Laka ba ta da sauƙin hali. Da rani takan bushe ta tsattsage, ta yi tauri har fartanya ta yi tsalle a kanta. Da damina ta kama ƙafa, ta kama garma, ta cire wa mutum takalmi. Sai dai tana riƙe danshi da taki yadda jigawa ba ta iyawa, shi ya sa dawa da auduga suka same ta gida. Noman laka aikin gandu ne, aikin gida mai hannuwa da yawa, daga baya kuma aikin shanun huɗa. Mutum ɗaya da 'yar hauyarsa yana iya rufa wa kansa asiri a jigawa. A laka kuwa sai da jama'a, kuma jama'a ba ta zama sai inda take barci da ido biyu rufe. A ganina duk tarihin Pauwa da Kogo a kan wannan yake juyawa. In an sami kwanciyar hankali gona ta ci daji, in aka rasa daji ya karɓi abinsa.

Mazaunan farko gindin duwatsu suka zaɓa, kuma da dalilinsu. Dutse yana tara ruwa a gindinsa, ƙasar da ke kewaye da shi tana da ƙarfi, in mahara sun taso akwai inda za a haye, kuma a imanin mutanen wancan zamani iskoki a can suke zaune. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 wanda ya fito a 1981, ya nuna yadda garuruwan wannan yanki suka tsiro daga irin waɗannan matsugunai na gindin dutse, suka zama birane masu ganuwa da sarakunansu, kafin su shiga ƙarƙashin Sarkin Katsina. Dutsen Kwatarkwashi, da ke cikin Zamfara a yau, shi ya fi shahara a cikinsu, amma Pauwa da Kogo ma 'yan wannan ɗaki ne. Maguzawan da har yanzu ake samu a ƙauyukan Ƙanƙara da Malumfashi da Ƙafur, masu manyan gidaje da rumbuna jere, su ne suka fi riƙe kamannin waccan rayuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙauyanci ne zalla a nan. Tafiyar yini guda ko biyu yamma da Faskari akwai 'Yandoto, garin malamai da almajirai ke nufa daga nesa, wanda kuma labarin baka ke cewa daga can Muhammadu Korau ya fito, shi da ya kafa sarautar Katsina a ƙarni na 15. Gabas kuma akwai Maska da Gozaki, ƙasashen auduga da saƙa da rini. Fatake masu jakuna da takarkarai, tsakanin Kano da Zazzau da ƙasashen Zamfara da Nufe, ta nan suke ratsawa, suna sauke kanwa da gishiri, suna ɗaukar zane da baba da taba da dawa. Iyakar da ta sa 'Yandoto da Tsafe a wata jiha, Faskari a wata, ba ta san da wannan zumunci ba. Sarkin Gusau ma Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda mata suka daɗe suna shafe ɗaki da ita kafin kowa ya san tana da daraja a masana'anta. Asalinta dutse ne irin na yankin, wanda ruwa ya yi dubban shekaru yana jiƙawa har ya ruɓe ya koma gari mai laushi. Da ita ake yin tangaran da fenti da alli, tana shiga takarda da magunguna. Sunan da duniya ta san ta da shi, kawolin, daga wani ƙauye ne a ƙasar Sin mai suna Gawlin, kusa da birnin Jindejan na lardin Jiyanshi, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙa ta ana yi wa sarakunan Sin kwanukan tangaran. Su sun gina birni guda a kan farar ƙasarsu, har kayansu suka cika kasuwannin duniya, namu ma a ciki. Tamu kuwa an kafa mata masana'anta a Ƙanƙara wadda ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe, sai samari ke shiga rami da diga da shebur, a loda wa tirela ɗanya, a kai wa masu sarrafawa a wasu garuruwa. Wani abin da Sinawa suka fi mu shi ne rubutu. Tun zamanin dā, kowace gunduma tasu tana da kundinta, inda ake rubuta duwatsunta da kogunanta da amfanin gonarta da shekarun fari da na ambaliya, wani ƙarni ya ɗora a kan na wani. Mu abin da muke da shi mai kama da haka shi ne 'yan littattafan gunduma da jami'an Turawa suka cika don sanin harajin da za su karɓa, suna can ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, sai kuma abin da ya rage a bakin tsofaffi.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso wannan yanki da wuri. Tsakanin 1805 da 1806 Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto da yaƙi bayan malamanta sun ƙi bin jama'ar Shehu, kuma wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje. Sarakunan da aka kora suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, ba su kuma taɓa yafe kujerar kakanninsu ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka kwanta dama, Ɗan Mari na Maraɗi ya tayar da garuruwan yammacin Katsina a kan Sarkin Katsina Siddiku. Siddiku ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi, ya rushe garuruwa, jama'a suka watse. Ƙasar da take cike da gonaki da ƙauyuka a yankin Ruma ta koma kufai, kufai ya koma daji. Shi ne dajin da tsofaffin takardu ke kira Rubu, mu kuma muke ce masa Rugu, wanda gefensa na kudu ya gangaro har ƙasar Ƙanƙara.

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin yawancinmu mun ɗauka Rugu haka Allah Ya halicce shi tun fil azal, ba a taɓa kafa bukka a cikinsa ba. Babban sashensa yaƙi ne ya shuka shi. Da ya girma kuma sai ya zama hanyar yaƙin. Ta cikinsa dawakin Maraɗi ke sulalowa a zamanin Ɗan Baskore, daga baya a zamanin Ƙaura Hasau, su faɗa wa garuruwan kudancin Katsina da asuba, su kwashi mutane da shanu, su koma kafin gudummawa ta iso daga birni. Daga kudu kuma mayaƙan Kwantagora suna yi wa ƙasar Birnin Gwari irin wannan ɓarna. Mutanen Pauwa da Kogo suka takure a bayan ganuwa da kan duwatsu, ana noma iya inda za a ji ƙarar ganga a ruga gida. Gonakin nesa duk aka bar wa doka da marke.

Mafarauta da masu saran itace sun iya karanta irin wannan daji. In ka ga kukoki uku ko huɗu sun taru wuri ɗaya a tsakiyar ƙungurmin daji, da tsamiya a gefensu, to gari ne ya taɓa zama a nan, don kuka ba ta cika yin cincirindo inda ba mutum ba. Ka duba ƙasa za ka ga katanga, wato fasassun tukwane, da dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, wani wurin da kashin tama inda maƙera suka narka ƙarfe. Wani dogon tudu da ya yi baka, wanda baƙo zai ɗauka jigawa ce, ganuwa ce ta zube. Ramukan da suka jeru kusa da rafi karofi ne, marinar wasu mutane da ba wanda ya san sunansu yanzu.

Turawa sun shiga Katsina a 1903, kuma a 1906 Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta. Kome za a ce game da mulkin mallaka, da harajinsa da aikin tilas ɗinsa, hare-hare sun tsaya, kuma cikin shekaru kaɗan mutane suka sauko daga duwatsu suka fita bayan ganuwa. Aka shiga sassabe. Baƙi suka kwararo daga arewacin Katsina da Daura da ƙasar da Faransa ke mulka, musamman a shekarun yunwa irin Kakalaba ta 1914. Sunayen garuruwa kansu suna ba da labarin: Sabuwa, Sabon Layi, da unguwanni barkatai masu ɗauke da sunan wanda ya fara sare wurin. Fulani ma suka ƙaru, don sassabe yana korar ƙudan tsando, kuma karan dawa bayan girbi abinci ne ga shanu. Manomi yana roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani don taki, har ya ba shi damin dawa.

Abin da Turawa ke nema a laka shi ne auduga, don masaƙun Lankasha na Ingila. Suka kawo irin Amurka mai dogon zare, suka kafa injin gurza a Funtuwa, suka ja layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, wanda ya isa can a 1929. A Daudawa ta ƙasar Faskari aka buɗe gonar gwaji da yawaita irin auduga, inda kuma aka zaunar da manoma ana koya musu huɗa da shanu. Haraji da kuɗi ake biya, kuɗi kuma a kasuwar auduga suke, don haka ko wanda bai so ba ya shuka. Tsofaffi suna tuna layin buhuna a gaban ma'auni da sanyin hunturu, da malamin da ke duba auduga ya ce wannan lamba ɗaya ce wannan lamba biyu, da yadda aure da sabon keke da rufin kwano duk suke jiran kakar auduga. A wannan zamanin ne kuma aka shata gandun daji, aka ce daga nan zuwa nan ba sara ba noma, aka sa malamin daji yana kama mai gatari. Dajin Kogo yana cikin waɗanda aka keɓe. Wato abin da yaƙi ya bari, doka ta zo ta yi masa shinge.

Sauyi na biyu ya zo a 1975, da shirin bunƙasa noma na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya ba da rance aka yi, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Gundumomin Ƙanƙara da Faskari suna cikinsa. Aka yi hanyoyin ƙauye, aka gina ƙananan madatsun ruwa, aka buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da iri. An so auduga ta ƙaru, sai masara ta ƙwace fagen. Kafin lokacin masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Da taki ya samu da araha sai ta zama amfanin sayarwa, ta kai tirelolin Legas da Fatakwal suna kwana a kasuwar Ɗandume, ita kuma Sheme ta zama matattarar hatsi da dabbobi. Auduga ta yi ta ja da baya bayan rushe hukumar cinikinta a 1986 da mutuwar masaƙun Kaduna da Kano, waken suya ya shigo ya maye wani gurbin.

Arzikin masara yana da farashinsa, kuma ba a kan takardar kowane shiri aka rubuta shi ba. Da takin buhu ya zo, manomi ya daina bukatar kashin shanu. Da ƙasa ta yi daraja, aka daina barin saura ta huta, aka nome fadamar da shanu ke sha da rani, aka matse burtali har ya zama ba ya wuce saniya biyu a jere. Manyan mutane daga birane suka sami ɗaruruwan kadada a bakin gandun daji, wani lokaci a cikinsa. Makiyayi da ya rasa hanya ya ratsa gona, aka kai shi gaban hukuma, aka ci shi tarar da ta fi ɓarnar, ya sayar da sa ya biya ya riƙe abin a zuciya. Fari na 1973 da na 1984 sun ƙara turo mutane da dabbobi daga arewa. Ba ina cewa wannan ne kaɗai ya haifi ta'addancin da ake ciki ba. Satar shanu, da bindigogin da suka malalo daga hamada, da zinariyar Zamfara, da kisan ramuwa tsakanin 'yan sa-kai da mazauna daji, da rashin hukunci, kowanne ya zuba nasa itacen a wutar. Amma wanda ya san yadda Rugu da Kogo suka haɗe da Kuyambana ta Zamfara da Kamuku ta Birnin Gwari, daji yana miƙa wa daji hannu a kan iyakar jihohi uku, ba zai yi mamakin inda 'yan bindiga masu babura suka bi ba. Kusan sawun dawakin Ƙaura Hasau ne.

A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora su a ƙafa cikin daji zuwa ɓangaren Zamfara, aka sako su bayan kwana shida. A cikin wannan watan ne kuma gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, dajin Kogo na cikinsu, wurin da a lokacin ko malamin daji ba ya iya takawa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, sannan aka katse layukan waya na wasu watanni. A 2023 aka kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, samarin da suka san kowace ƙorama da kowane dutse.

Manoman ƙauyukan bakin daji da yawa sun koma Funtuwa da Ƙanƙara da cikin garin Faskari, suna noma 'yan gonakin da ke kusa da kwalta, wasu kuma suna biyan kuɗi kafin a bar su su shuka ko su girbe. A wasu wuraren an hana shuka dawa da masara kusa da hanya, don dogon kara yana ɓoye mutum, sai wake da gyaɗa da waken suya. Gonar laka da aka bari ba ta daɗewa tsirara. Daminar farko tofa da ƙyasuwa ne ke rufe kunya. Ta biyu sabara da kalgo su tashi, gamba ta fi mutum tsawo. Doka kuwa dama ba ta mutu ba, saiwarta na nan a ƙasa tun ranar da kakan mai gonar ya sare ta, kuma kafin damina ta biyar ta fitar da 'ya'ya da jajayen ganye a tsakiyar inda ake ɗaure shanun huɗa.